Amsa ga uban da ya tambaya kan karatun yara maza baƙaƙen fata a Amurka

Wani bawan Allah mazaunin unguwar Bronx a birnin New York, wanda ya ce asalinsa ɗan zangon Kumasi ne, ya aiko da tambaya. Ɗansa yana aji huɗu na firamare, kuma makarantar ta gayyace shi wani taro da malamai da shugabannin unguwa suka shirya domin inganta karatun yara maza baƙaƙen fata. Yana so ya san ko da gaske akwai wata matsala da ta keɓanta da waɗannan yara, da ko irin waɗannan shirye-shirye suna haifar da ɗa mai ido, sannan ko lamarin ya shafi mutumin da ya zo ƙasar da ƙafarsa, wanda kakanninsa ba sa cikin waɗanda aka kai a zamanin cinikin bayi, kuma gidansa akwai tarbiyya.

Malam, zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin amsarta ce za ta sa ka halarci taron ko ka yi zamanka a gida. Lamarin ya shafe ka, kuma ya shafi ɗanka kai tsaye. Malamar da ke tsaye a gaban aji ba ta san Kumasi ba, ba ta kuma san cewa yaron nan yana tashi sallar asuba ko yana durƙusawa ya gaida mahaifiyarsa ba. Abin da idonta ke fara gani shi ne yaro namiji baƙar fata, kuma duk zaton da al'ummar ƙasar ta daɗe tana yi wa irinsa zai iya sauka a kansa kafin ya buɗe baki. Gaskiya ne cewa iyalai da yawa da suka zo daga Afirka ta Yamma 'ya'yansu suna yin zarra a karatu, kuma tarbiyyar gida garkuwa ce babba, amma ba ta bin yaro cikin ofishin shugaban makaranta ranar da aka yi hatsaniya a filin wasa. Ina kuma roƙonka da ka guji ɗabi'ar da nake gani a wajen wasu daga cikinmu, ta kallon baƙaƙen fatar Amurka a matsayin malalata da suka ƙi cin gajiyar ƙasarsu. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, wadda a yau take hana makaranta nuna wa ɗanka bambanci, da jininsu da guminsu aka same ta, kuma dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa 'yan Afirka da Asiya ƙofa, a cikin wannan guguwar ta fito. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an ce ka shafa wa naka ruwa, balle kuma a nan wutar tana cikin ajin da ɗanka yake zaune.

Game da ko akwai matsala, alƙaluman gwamnatin tarayya da kansu sun isa shaida. A shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ya nuna cewa yara maza baƙaƙen fata su ne kashi 8 cikin ɗari na dukkan ɗaliban makarantun gwamnati, amma su ne kashi 25 cikin ɗari na waɗanda aka dakatar aka tura gida. Mai saurin yanke hukunci zai ce ai sun fi kowa rashin ji ne, shi ya sa masu bincike suka yi ƙoƙarin raba halin yaro da idon mai kallonsa. A 2016, Walter Gilliam na Jami'ar Yale ya nuna wa malaman makarantun rainon yara wani bidiyo na yara huɗu suna wasa, namiji da mace baƙaƙe, namiji da mace farare, ya ce musu su lura ko za su ga alamar fitina, alhali kuwa babu yaron da ya yi wani laifi a cikin bidiyon. Na'urar da ke bin motsin ido ta nuna cewa yaron nan baƙi namiji shi suka fi zuba wa ido. Shekara guda kafin haka, Jason Okonofua da Jennifer Eberhardt na Jami'ar Stanford sun ba malamai rahoton ɗalibin da ya yi ƙananan laifuka biyu, rahoto iri ɗaya sak, sunan yaron kawai suka riƙa sauyawa. A laifin farko malaman ba su nuna wani bambanci ba, amma a na biyu, idan sunan irin na baƙaƙen fata ne, sai su ɗauke shi a matsayin fitinanne wanda halinsa ke nan, su nemi a tsananta masa horo. Yawancin waɗannan malamai ba mugaye ba ne, kuma da za ka tambaye su za su rantse cewa kowane yaro ɗaya ne a wurinsu, wanda hakan ne ma ya sa matsalar take da wuyar kamawa.

Binciken da ya fi girgiza ni shi ne wanda Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2018, bayan sun bi diddigin yara kimanin miliyan 20 da aka haifa tsakanin 1978 da 1983 har suka girma suka fara neman na kansu. Sun gano cewa idan aka ɗauki yaro baƙi da yaro fari waɗanda iyayensu ke samun kuɗi daidai wa daida, kuma suka tashi a unguwa ɗaya, a kashi 99 cikin ɗari na unguwannin ƙasar baƙin yakan girma yana samun abin da bai kai na farin ba. Ko ɗan mai kuɗi bai tsira ba. Amma da aka kwatanta mata baƙaƙe da mata farare waɗanda suka fito daga gidaje masu samu iri ɗaya, sai aka tarar abin da suke samu ya yi kusan daidai. Wannan ya rushe maganar masu cewa matsalar daga ƙwaƙwalwa ce ko daga jini, domin yaron da 'yar'uwarsa ciki ɗaya suka fito, tukunya ɗaya suka ci. Akwai abin da yake faɗa wa namijin a makaranta da kan titi da wajen neman aiki wanda ya fi tsanani a kansa. Haka kuma binciken ya nuna cewa giɓin yakan ragu a unguwannin da talauci bai yi katutu ba kuma iyaye maza baƙaƙen fata suke da yawa a cikin gidajensu, kuma amfanin hakan yana kai wa har ga yaron da nasa uban ba ya nan. Ke nan zamanka a unguwar da halartarka taron makaranta suna amfanar 'ya'yan maƙwabta, kamar yadda nasu zaman yake amfanar naka. Wannan ba ya nufin 'yan mata baƙaƙe suna cikin jin daɗi, domin su ma ana dakatar da su fiye da takwarorinsu farare nesa ba kusa ba, amma ya bayyana dalilin da ya sa aka ware wa maza kulawa ta musamman.

Akwai wani ɓangare na tarihi da ba a cika faɗa ba. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata, kuma wannan nasara ce da ba mai musunta ta. Sai dai da aka zo haɗe makarantun, na baƙaƙen fata aka riƙa rufewa, aka kwashi yaran zuwa makarantun farare, aka sallami malamansu da shugabanninsu, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne malamai kimanin 38,000 suka rasa aikinsu a cikin shekaru goma da suka biyo baya. Waɗannan malamai su ne suke zaune a unguwa ɗaya da yaran, suke haɗuwa da iyayensu a coci da kasuwa, suka san wanda ya kwana da yunwa. Har yau ba a cike wannan gurbi ba, domin maza baƙaƙen fata ba su kai kashi 2 cikin ɗari na malaman makarantun gwamnati ba, kuma yaro zai iya yin shekara goma sha uku a makaranta bai taɓa zama a gaban malami namiji mai kama da shi ba.

Tasirin wannan rashi an auna shi. Seth Gershenson da Nicholas Papageorge da abokan aikinsu sun duba bayanan ɗaliban jihar North Carolina, suka fitar a 2017 cewa yaro baƙi namiji ɗan gidan talakawa, idan ya samu malami baƙar fata ko da guda ɗaya ne tsakanin aji uku da aji biyar, yiwuwar ya bar sakandare bai gama ba tana raguwa da kashi 39 cikin ɗari. Malami ɗaya, shekara ɗaya, kuma a daidai shekarun da ɗanka yake ciki yanzu. Wani binciken nasu ya nuna dalili guda: idan malamai biyu, baƙi da fari, suka dubi ɗalibi baƙi guda, farin ya fi yawan zaton cewa yaron ba zai yi nisa a karatu ba, kuma yaro yana jin zaton da ake yi masa ko ba a furta ba. Wannan ne ya sa aka kafa shirye-shiryen samar da malamai, irin su Call Me MISTER, wanda Jami'ar Clemson ta fara a 2000 tare da kwalejojin baƙaƙen fata uku, Claflin da Benedict da Morris, a lokacin da maza baƙaƙe ba su kai kashi 1 cikin ɗari na malaman firamare a jihar South Carolina ba. A Filadelfiya kuma Sharif El-Mekki, tsohon shugaban makaranta, ya kafa cibiyar horar da malamai baƙaƙen fata a 2019, wadda ke fara jawo matasa zuwa aikin koyarwa tun suna sakandare. Abin da ke ɓata wannan ƙoƙari shi ne, sau da yawa idan aka samu malami namiji baƙi, sai makaranta ta mayar da shi ɗan sandan cikin gida, duk yaron da ya gagara a tura masa, a hana shi sukunin koyar da lissafin ko kimiyyar da ya karanta, har ya gaji ya bar aikin. Ɗaukar malami abu ne guda, riƙe shi kuma wani abu ne daban, kuma a wajen riƙewar aka fi faɗuwa.

Idan ka ce in nuna maka wuri ɗaya da aka yi aikin nan da gaske, zan nuna maka birnin Oakland a jihar Kalifoniya. A 2010 hukumar ilimi ta birnin, ƙarƙashin Tony Smith, ta buɗe ofishi sukutum domin ci gaban ɗalibai maza baƙaƙen fata, ta ɗora Christopher Chatmon a kansa. Hikimar da suka yi ita ce ba su mayar da shirin wani taron bayan an tashi daga makaranta ba, wanda mai so ya zo, wanda ba ya so ya tafi wasan ƙwallo. Sun sanya shi a cikin jadawalin darussa, awa guda a ranar karatu, da maki da komai, kuma wanda ke koyar da shi namiji ne baƙar fata da aka zaɓo saboda ya san unguwar kuma ya iya tafiyar da yara. A cikin ajin ana karanta tarihin Afirka da na baƙaƙen fatar Amurka, ana rubutu, ana muhawara, malamin kuma yana bin sakamakon kowane yaro a sauran darussa, ya san wanda ya faɗi lissafi, ya san wanda bai zo ba jiya, ya je ya yi magana da malamar da suka samu saɓani. Ba a tara masu rauni zalla ba, an gauraya su da masu ƙoƙari, domin kada ajin ya zama wani kurkukun da ake jefa waɗanda aka fidda rai da su. Thomas Dee da Emily Penner sun auna shirin a 2019, suna amfani da yadda aka shigar da shi makarantu daban-daban a shekaru daban-daban, suka tabbatar cewa ya rage yawan yara maza baƙaƙe da ke barin sakandare, har ma 'yan mata baƙaƙe na waɗannan makarantu sun ɗan amfana, duk da cewa ba don su aka yi ba. Darasin Oakland a wurina shi ne an ba aikin ofishi da kasafin kuɗi da gurbi a jadawali, an kuma ɗora wa wani babba guda alhakin sanin halin da kowane yaro yake ciki a kullum.

A Shikago akwai wani shiri mai suna Becoming a Man, na ƙungiyar Youth Guidance, wanda ya ɗauki wata hanyar. Sau ɗaya a mako samari suna zama a da'ira da mai ba su shawara, kowa ya faɗi halin da ya tashi a ciki. A zaman farko akan raba su biyu-biyu, a ba ɗaya ƙaramar ƙwallo ya dunƙule a hannunsa, a ce wa ɗayan yana da daƙiƙa 30 ya karɓo ta. Nan take sai kokawa ta kaure, wannan yana murɗe yatsu, wancan yana ƙanƙame hannu. Bayan lokaci ya cika sai mai ba da shawara ya tambaya ko akwai wanda ya ce wa abokinsa don Allah ya ba shi ƙwallon, kuma da wuya a samu ko ɗaya. Idan aka tambayi dalili sai yaro ya ce ai da ya roƙa da an raina shi, idan kuma aka juya ga mai riƙe da ƙwallon sai ya ce da an tambaye shi da ya bayar, ai ƙwallo ce kawai. Abin da ake koya musu shi ne su ɗan tsaya su karanta wurin da suke kafin su mayar da martani, domin zafin da ke kare yaro a kan titin unguwa mai haɗari, shi ne kuma ke jawo masa kora idan ya yi wa malami shi a cikin aji. Masu bincike na Jami'ar Shikago, ciki har da Sara Heller, sun gwada shirin ta hanyar jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda za su shiga da waɗanda ba za su shiga ba, suka samu cewa kama samarin bisa laifukan tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari a lokacin da suke cikin shirin, kammala sakandare a kan lokaci kuma ya ƙaru da kashi 12 zuwa 19 cikin ɗari a gwajin farko. Raguwar kamen ba ta ɗore sosai ba bayan an gama shirin, kuma ya kamata a faɗi hakan. Shugaba Barack Obama ya zauna a irin wannan da'ira a makarantar sakandaren Hyde Park da ke Shikago a Fabrairun 2013, shekara guda bayan haka kuma ya ƙaddamar da shirin tallafa wa samari baƙaƙen fata da makamantansu mai suna My Brother's Keeper, wanda ya sa birane da dama suka fara tsara nasu.

Duk da haka, Malam, ina da wani ra'ayi da ba kowa ke son ji ba a irin waɗannan taruka. Nasiha da jagoranci da ƙarfafa gwiwa duk suna da muhimmanci, amma yaron da bai iya karatu ba, ko an kira shi sarki sau dubu, idan aka miƙa masa littafi a gaban abokansa kunya za ta kama shi, kuma yaro namiji ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Da yawa daga cikin abin da ake rubutawa a matsayin rashin ɗa'a a aji shida da bakwai, asalinsa karatun da ba a koyar da kyau ba ne a aji ɗaya da biyu. A jarrabawar ƙasa da ake auna 'yan aji huɗu da ita, ɗalibai baƙaƙe da ke kai matakin ƙwarewa a karatu ba su kai ɗaya cikin biyar ba, farare kuwa kusan biyu cikin biyar ne. Jihar Mississippi, wadda tana cikin mafi talauci a ƙasar kuma ɗalibanta baƙaƙe suna da yawa ƙwarai, ta kafa doka a 2013 da ta tilasta a sake horar da malamai kan koyar da haruffa da sautukansu daki-daki, a tura ƙwararru makarantun da suka fi rauni, a riƙa gwada yara tun daga farko domin a gano mai matsala da wuri. A lokacin tana ta 49 a jerin jihohi a karatun 'yan aji huɗu, a 2019 ta koma ta 29, a 2024 kuma ta shiga cikin goman farko, kuma yara baƙaƙe suna cikin waɗanda suka fi samun ci gaba. Dokar ba ta ambaci launin fata ba, amma ta yi wa yara maza baƙaƙe abin da jawabai masu yawa ba su yi musu ba. Birninku ma ya bi wannan sahu a 2023, lokacin da aka umarci makarantun firamare su zaɓi ɗaya daga cikin manhajoji uku da aka amince da su na koyar da karatu.

Ga wanda ya riga ya girma da giɓi, maganin da aka fi tabbatarwa shi ne koyarwa ta kusa da kusa. A Shikago ƙungiyar Saga Education ta riƙa zaunar da ɗalibai biyu a gaban mai koyarwa ɗaya, kullum, a cikin lokacin makaranta, suna lissafi, kuma waɗanda aka fara gwajin da su samari ne 'yan aji tara da goma daga unguwannin talakawa, yawancinsu baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka. An daɗe ana cewa wanda ya kai shekara goma sha biyar bai iya lissafi ba an makara, gara a koya masa sana'a. Sakamakon ya ƙaryata wannan, domin makinsu ya tashi sosai kuma faɗuwa a darasin lissafi ta ragu ƙwarai. Tsadarsa ce matsalarsa, shi ya sa ba kowace makaranta ke iya yi ba.

Shugabannin unguwa su ma suna da nasu fagen, kuma wanda ya fi burge ni ƙarami ne a ido. Wani tsohon malamin firamare mai suna Alvin Irby ya lura cewa shagon aski shi ne wurin da yaro baƙi yake zuwa a kai a kai ya zauna cikin manyan maza, sai ya fara ajiye ƙaramar kanta mai littattafan yara a shagunan Harlem a 2013, ya kuma nuna wa masu aski yadda za su ja yaro da hira kan abin da ya karanta yayin da yake jiran layi. Irin wannan ba ya buƙatar izinin hukuma, kuma masallatanku na Bronx da makarantun Islamiyya na ƙarshen mako za su iya yin makamancinsa, su ƙara awa guda ta karatun Turanci da lissafi, manyan samarinku da ke jami'a su riƙa zama da ƙannensu.

Makarantun maza zalla kuwa, ra'ayina a kansu tsaka-tsaki ne. Eagle Academy, wadda ƙungiyar One Hundred Black Men ta taimaka aka buɗe a nan Bronx a 2004 da David Banks a matsayin shugabanta na farko, ta yi suna mai kyau har ta yi rassa a sauran sassan birnin da Newark. Urban Prep ta Shikago, wadda aka buɗe a 2006, ta shahara da yara masu kwat da lakataye da kuma sanarwar cewa duk ɗalibanta 107 da suka kammala a 2010 sun samu gurbi a jami'a, amma masu lura sun tambayi ina waɗanda suka fara tare da su suka ɓace a hanya, kuma samun gurbi daban ne da kammala digiri. Pedro Noguera da abokan aikinsa, da suka yi nazarin irin waɗannan makarantu, sun nuna cewa raba maza da mata shi kaɗai ba ya gyara komai, abin da ke bambanta mai kyau da marar kyau shi ne ingancin koyarwa da kusancin malamai da yara. Kada kyawun tufafi ya ɗauke maka hankali daga tambayar abin da ake koyarwa.

Batun horo ma an taɓa shi. Los Angeles ta hana dakatar da ɗalibi saboda abin da ake kira taurin kai a 2013, domin laifi ne marar iyaka wanda ya dogara da ran malami, daga baya jihar Kalifoniya ta faɗaɗa hanin mataki-mataki. Ina goyon bayan hakan, amma da sharaɗi, domin idan aka hana kora ba a ba malami wata dabara ko mataimaki ba, ajin yakan rikice, kuma waɗanda suka fi cutuwa su ne sauran yara baƙaƙe masu son karatu. Abin da ya fi ba ni fata shi ne gwajin da Okonofua ya yi a 2016 da malaman lissafi 31, inda aka ba su ɗan gajeren darasi ta intanet kan sauraron dalilin yaro da kiyaye alaƙa da shi ko a lokacin horo. Dakatarwa a cikin ɗalibansu ta sauko daga kashi 9.6 zuwa kashi 4.8 cikin ɗari. Ba a sauya yaran ba, ba a sauya doka ba, babba ne ya sauya yadda yake kallo.

Ka sani kuma cewa iskar siyasa tana juyawa. Jagorar da gwamnatin Obama ta fitar a 2014 kan adalci a horon ɗalibai an soke ta a ƙarshen 2018, kuma tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 da ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a, ana ta kai ƙorafi kan shirye-shiryen da aka keɓe wa baƙaƙen fata, har wasu hukumomin ilimi suka sauya musu suna ko suka buɗe su ga kowa. Saboda haka kada ka yi mamaki idan shirin makarantarku ya zo da wani laƙabi na daban baɗi. Ka duba ko aikin yana nan.

Idan ka je taron, ka nemi a faɗa maka a wane mataki ɗanka yake a karatu da lissafi, da lamba, ba da kalmar yana ƙoƙari ba, kuma idan yana baya ka tambayi wa zai zauna da shi, sau nawa a mako, su nawa a rukunin. Ka tambayi yara nawa aka dakatar bara da kuma su wane ne, domin makaranta tana da waɗannan alƙaluma. Ka tambayi yadda ake zaɓen masu shiga ajin haziƙai, domin a gundumar Broward ta jihar Florida, da aka daina dogara da shawarar malamai da iyaye kawai aka gwada kowane yaro a 2005, yawan baƙaƙen da aka gano haziƙai ne ya tashi da kusan kashi 80 cikin ɗari. Idan aka ce za a gwada ɗanka domin a saka shi cikin masu buƙata ta musamman, doka ta ce sai da sa hannunka, kuma kana da haƙƙin a kawo maka tafinta a yi maka bayani da harshen da kake ji sosai. Kada ka ƙi don jin kunya, domin wani yaron yana buƙatar taimakon da gaske, kada kuma ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba. Idan aka tashi dakatar da shi, tun 1975 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dole a faɗa masa laifinsa a kuma saurari bakinsa kafin a tura shi gida.

Abu na ƙarshe ya shafi ɗabi'armu ta gida. Mun taso a kan cewa malami ba ya kuskure, idan ya kawo ƙarar yaro sai uba ya ƙara masa da nasa, kuma zuwa makaranta da tambaya kamar rashin kunya ne. A Amurka kuwa uban da ba ya zuwa ana ɗaukarsa wanda bai damu ba, kuma yaron da aka san babu mai tsaya masa shi ne aka fi saurin yanke wa hukunci. Haka nan yaronmu da aka koya wa sunkuyar da kai idan babba yana magana, wata malamar takan ɗauki hakan a matsayin raini ko ɓoye gaskiya, domin a wajensu ladabi shi ne ka kalli mai magana ido cikin ido. Ka je ka gabatar da kanka ga malamarsa tun kafin a samu matsala, ka bayyana mata wannan, ka ba ta lambar wayarka, ka ce ta kira ka idan ya yi abin kirki kamar yadda za ta kira ka idan ya yi laifi. Idan aikinka na dare ne ko na tuƙi, ka nemi a sa maka lokacin ganawa da ya dace da kai ko a yi ta waya, ku kuma raba zuwa tarukan tsakaninka da mahaifiyarsa da sauran iyayen zango da ke da yara a makarantar, ta yadda ba za a yi zama ko ɗaya babu ɗayanku a ciki ba.